Naman Layya a Firizata

Firizata fara ce, irin ta kwance mai murfi a sama, tana gefen ƙofar ɗakina a gidanmu na Ƙofar Jatau. Har yau idan na ji namiji yana cewa mace ba ta san hukuncin ciniki ba, sai in tuna da ita, don a kanta na yi rigimar da ban taɓa yin irinta ba, kuma da yayan mijina na yi.

A Wusasa na fara ganin irinta, a gidan malamar asibitin da ta karɓi haihuwata ta biyu. Na je yi mata godiya, ta ɗaga murfi ta ɗauko min ruwa a leda, ya daskare gam. Ta ce da kuɗin ƙanƙarar nan take biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta. Tun ina cikin mota a hanyar dawowa na ƙudura a raina sai na mallaki tawa.

Maigidana akawu ne a wani ofishin gwamnati. A shekarun nan ana ba ma'aikata bashin sayen kayan gida, a riƙa cira a albashi, da kuɗin ruwa a kai. Wansa, wanda dukanmu muke kira Yaya, ya karɓa ya sayi talabijin mai kala da babur. Shi ne babba a dangi tun rasuwar mahaifinsu, gidansa yana bayan namu, kuma ba a musa masa. Maigidana ya ce shi ma bari ya cike takarda a ba shi, a sayo min firizar. Na ce a'a. Ni 'yar Limancin Kona ce, mahaifina malami ne, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakin uwata da zauren da yake ba da karatu. Duk abin da ya karantar da maza a kan ciniki da haya da ajiya ya shiga kunnena ina tankaɗe. Na san ranar da abin kuɗin ruwa ya shigo ɗakina, ranar Baba zai daina cin tuwona, kuma ba zai ce da ni komai ba.

Sai na je na sami Baba. Ya saurare ni yana feƙe alƙalami, sannan ya ce, "Nemi ɗan kasuwa ya saya da kuɗinsa, ta zama tasa. Daga nan ya sayar miki, ya faɗi kuɗinsa sau ɗaya, ko kin makara wajen biya kada ya ƙara ko kwabo. Kuma kafin ta shiga ɗakinki, duk abin da ya same ta yana wuyansa. Asarar abu tana kan mai shi."

Muka sami wani Alhaji mai shagon kayan wuta a Tudun Wada, ya yarda da sharuɗɗan. Da Yaya ya ji kuɗin, dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce, "Abin da Alhajin nan ya ɗora miki ai ya fi abin da ofis ke cira mana. Ina bambancin? Ku 'ya'yan malamai kun iya canza wa abu suna." Matar ƙane ba ta ja da wan miji a gaban mutane, amma na riƙe maganar.

Mota ba ta shiga lungunmu, sai aka ɗora firizar a amalanke daga bakin titi. A kwanar da kwata ta ratsa hanya, taya ta zame, firiza ta kifa, wani bututu a bayanta ya fashe yana huci. Alhaji ya zo ya duba, ya yi salati, ya sa aka mayar shago. Bayan mako guda ya kawo wata sabuwa fil, bai ƙara min ko sisi ba. Ranar da Yaya ya shigo ganinta, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba, sannan na ce, "Yaya, ka ji bambancin nan da kake nema ya faɗa kwata?" Bai yi dariya ba, kuma daga baya na gane bai manta ba.

Na kama sana'a. Ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, lamurje. Da azumi kafin la'asar tsakar gidanmu ta cika da masu kwano. Ban cika shekara biyu ba na gama biyan Alhaji. Na daina jiran ƙarshen wata kafin in saya wa yara takalma, na daina tambayar kowa kuɗin sabulu. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Duk zuwan da Baba zai yi gidanmu, nakan kawo masa ruwan sanyi a kofin silba, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Na randa ya ishe ni." Shekara uku haka. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, amma na ɗauka har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta da cinikin ba, kuma abin yana ƙona min rai.

Kafin firiza ta shigo unguwarmu, kowa ya san yadda ake yi da naman layya. A yanka, a rataye ya kwana ya tsane, washegari a daddatsa, a raba wa dangi da maƙwabta da marasa hali, saboda ba inda za a kai shi. Abin da ya rage a soya shi ƙayau, a zuba a kwalla a malala masa kitse, ya yi watanni ana ɗiba. Shekarar farko wata maƙwabciyata ta roƙe ni in ajiye mata cinya guda. Shekara ta biyu gida uku. Shekara ta uku gida shida. Abin da na lura da shi, ban kuma faɗa wa kowa ba a lokacin, shi ne kason da ake aiko mana daga gidajen nan ya riƙa raguwa, har ya koma tsoka huɗu a ƙaramin kwano. To yaya ba zai ragu ba, tunda sauran yana kwance a ɗakina? Mutane sun gano nama yana jira, sai hannunsu ya yi nauyi.

Ban taɓa karɓar kuɗin ajiya a hannun kowa ba. Ƙanƙarata ma nake ragewa don in ba su wuri. Kowane gida nakan ɗaure ƙullinsa da ƙyallen atamfa daban, don kada a gauraya.

A tsakiyar shekarun casa'in Babbar Sallah ta faɗo cikin bazara, irin zafin da ko bango ka jingina da shi sai ya ƙona ka. Shekarar Yaya ya yanka ƙaton rago, ya kuma shiga watandar sa. Kusan duka ya aiko min, buhu biyu, har sai da na danna murfi da gwiwa. Ya ce bayan mako biyu zai yi wa manyan ofishinsu walima, yana neman ƙarin girma.

Rana ta uku da Sallah, da hantsi, muka ji ƙara kamar an harba bindiga, fanka ta tsaya. Taransifomar unguwa ce ta ƙone, ma'aikatan wuta kuma suna hutun Sallah. Na lulluɓe firizar da barguna biyu, na ce kada wanda ya buɗe. Ina! Kowace mai nama sai ta shigo ta ce bari dai ta leƙa ta ga lafiyar nata, kamar mara lafiya ne a asibiti. Kafin azahar an ɗaga murfin nan ya fi sau goma, sai da na sa kwaɗo na rataya makullin a wuyana.

Washegari da safe na ga ruwa jaja-jaja yana bin ƙasa. Na buɗe na danna naman sama, yatsana ya nutse. Na faɗa wa maigidana zan fita, na yafa mayafi na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da ƙafata. Na ce da kowa, nama ya saki, ko a zo a ɗauka ko a ba ni izini in soya. Gida ɗaya suka zo suka kwashe nasu. Gida huɗu, wasu suna da baƙi, wasu za su yawon Sallah, suka ce in soya musu, Allah ya ba ni lada.

Gidan Yaya na je a ƙarshe, tare da maigidana. Muka same shi a ƙofar gida yana goge babur.

Ya ce, "Kada ki taɓa min nama. Soyayyen nama zan ba manyan mutane su yi ta tauna kamar ƙiraga? Farfesu za a yi musu da dambu. Na yi magana da wani a ofishin wuta, yau za a gyara."

Na ce, "To Yaya, a zo a ɗauka, ko a kai wata unguwar da ke da wuta."

"In kai ina? In riƙa yawo da nama a gari kowa yana gani? Ki bar shi inda yake."

Na sake maimaitawa, ya sake hanawa, maigidana yana tsaye yana kallon ƙasa.

Ranar na san wuta. Na haɗa murhu biyu a tsakar gida, da itacena, da mangyaɗana, da gishirina. Naman kowane gida daban na soya, na wanke kasko kafin in zuba na gaba, na ɗaura ƙyallen kowa a hannun kwallarsa. Tun hantsi har bayan la'asar ina kan wuta, idona ya yi jawur, mai ya fallatsar min a hannu, tabon yana nan har yau. Buhunan Yaya kuwa ban taɓa ba. Na san abin da zai faru da su, ina ji ina gani, amma mai abu ya ce kada a taɓa.

Ba a gyara wuta ranar ba, ba a gyara washegari ba. Kwana biyu bayan nan ko tsakar gida ba ta zaunuwa. Naman ya yi kore, ƙudaje sun rufe taga. Maigidana ya ɗaure hanci da rawani, ya fitar da buhunan bayan ganuwa ya binne. Ni kuma na wuni ina wanke firiza da toka da lemon tsami.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Wanda ya taɓa soya nama ya san yadda yake tsukewa, cinya guda ta koma ba ta cika kwalla ba. Amma matan nan, da hannunsu ya kwana biyu bai soya naman layya ba, sai suka fara ƙunƙuni. Wata Hajiya ta ce ita dai ta kawo cinya biyu da haƙarƙari, abin da aka mayar mata ko rabi bai kai ba. Yaya ya sami abin da yake nema. Ya bi mazajensu a masallaci, ya ce na ci amana, na kwashi na mutane, nasa kuma na bar shi ya ruɓe da gangan don ina jin haushinsa. Ya yanke hukunci shi kaɗai: a sayar da firiza, a biya kowa, a huta da fitina.

Maigidana ya same ni a ɗaki ya ce, "Ki yi haƙuri a sayar. Yaya ne. Daga baya sai in cike takardar ofis in sayo miki wata." Wannan maganar ta fi ta Yaya ɓata min rai. Na ce masa ta ofis ɗin ce ban so ba tun farko, kuma idan na bari aka fitar da wannan, na amsa da bakina cewa ni ɓarauniyar nama ce.

Da hantsin wata Asabar sai ga Yaya da dillali da masu amalanke, sun yi sallama har tsakar gida. Ban san lokacin da na haye kan firizar nan na zauna ba, na tanƙwashe ƙafa, na gyara mayafina.

Yaya ya ce, "Sauko."

Na ce, "Yaya, sai dai a ɗauka da ni."

"Ke, ni kike faɗa wa haka a gidan ubana?"

"Gidan naku ne, firizar tawa ce. Ba da kuɗin gidan nan aka saye ta ba. Idan na ci haƙƙin wani, a kai ni gaban malami, abin da ya ce in biya zan biya, ko da zanen jikina ne. Amma ba za a yanke min hukunci a ƙofar masallaci ba na nan ba."

Dillalin ya fara ja da baya, masu amalanke suka fice sumsum. Yaya ya yi wani murmushi ya ce, "Malami kike so? To a kira ubanki. Shi da ko ruwan abin nan ba ya sha." Ashe kowa ya lura. Kuma na san Baba, idan gaskiya tana kan 'yarsa, sai ya fi tsananta mata fiye da bare.

Bayan la'asar Baba ya zo. Aka shimfiɗa masa buzu a zaure, Yaya da mazajen gidajen nan huɗu suka zauna, mu mata muna soron ciki inda ake jin komai. Ya saurari Yaya har ya gama, bai katse shi ba. Sannan ya kira ni na durƙusa a bakin ƙofa.

"Kin karɓi kuɗin ajiya?"

"Ban karɓa ba, Baba."

"Da kika ga nama zai lalace, kin sanar da masu shi?"

"Gida-gida na bi da ƙafata."

Ya juya wajen maigidana ya ce, "Kai aka ce kana wurin. Yayanka ya hana a taɓa nasa?" Na ji maigidana ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya ce, "Ya hana, Malam. Har sau biyu." A zamanmu duka ban taɓa jin ya faɗi abin da Yaya ba ya so ba sai ranar.

Baba ya sake juyowa kaina. "Kin gauraya naman wani da na wani?"

"Kowa daban na soya."

"Kin ci?"

Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tuna. Na ce, "Na ɗanɗana gishiri. Tsoka ɗaya a kowane kasko."

"Sun ba ki izinin soyawa. Sun ba ki izinin ci?"

"Ba su ba ni ba."

Ya ce, "To wannan kam za ki biya. Tsoka huɗu, gida huɗu." Wani daga cikin mazan ya yi dariya, sai ya mayar da ita tari. Baba bai yi dariya ba, da gaske yake. Ya ce mai riƙon ajiya ba ya biyan abin da ya lalace sai idan ya yi sakaci ko ya sa hannu, kuma wadda take shakkar tsukewar nama ta sayo cinya gobe a soya a gabanta. Game da buhunan Yaya kuwa, ya faɗi abin da ya faɗa min shekara uku baya, da kalmomin nan dai, cewa asarar abu tana kan mai shi.

Yaya ya fara cewa, "Amma Malam, rago guda da kason sa..." Baba ya tare shi a hankali ya ce, "A cikin rago guda da kason sa, nawa ka rabar?" Yaya ya zauna yana murza hularsa, can ya miƙe ya ce yana da uzuri.

Washegari na aika aka sayo min nama a kasuwa, na soya tsoka huɗu. Na ɗauko farantan kayan aurena, manya masu fure, na ɗora tsoka ɗaya a tsakiyar kowanne, na rufe da faifai, na kai da kaina da rana tsaka. Hajiyar nan mai cinya biyu ta buɗe faifai ta gani, ta ce, "Haba, ai da kin bar shi." Na ce, "A'a Hajiya, haƙƙinki ne, ki duba ko ya tsuke." Da wata Sallar ta zagayo maƙwabta suka fara aiko da ƙullin nama, sai na riƙa mayarwa tare da aron babban kaskona. Shekarar kason da aka aiko mana ya cika kwano.

Amma ba farantan nake yawan tunawa ba. Ranar shari'ar, bayan maza sun watse, Baba ya shigo tsakar gida ya zauna a tabarma a ƙofar ɗakina, ya ce in ba shi ruwa. Na ɗauki moɗa na nufi randa, sai ya ce, "A'a. Na cikin abin nan naki."

Na tsaya. Na ce, "Baba, ai yau kwana tara ba wuta. Ba sanyi ko kaɗan."

Ya ce, "Shi ya sa. Haƙorina ne ba ya son sanyi, tun kina yarinya. Kawo."

Shekara uku ina cin raina a kan haƙori. Na ɗaga murfin, akwai wasu kwalabe da na jera bayan na wanke ta. Na tsiyaya masa a kofin silban nan. Ruwan da ɗumi, yana ɗan warin toka da lemon tsami. Ya yi bisimilla ya shanye tas, ya miƙo min kofin ya ce in ƙara. Na yi ta zubawa har kofin ya tumbatsa, na jiƙa masa bakin riga.